Masu Binciken Ruɓa: Yadda Ɗakin Gwajin Ƙasa na Rutgers Ya Haifi Maganin Tarin Fuka

A shekarar 1877 wasu masana biyu na Faransa, Théophile Schloesing da Achille Müntz, suka cika wani dogon bututun gilashi da yashi da tsakuwar farar ƙasa, suka riƙa ɗiga masa ruwan kwatami daga sama. Kusan kwana 20 ruwan yana fita ta ƙasa yadda ya shiga. Daga nan sai ya sauya: amoniyar da ke cikinsa ta ɓace, ta rikiɗe ta zama naitiret, gishirin da saiwar shuka ke sha. Sai suka busa tururin kulorofom a cikin bututun, wato abin da likitocin zamanin ke sumar da majiyyaci da shi kafin tiyata. Aikin ya tsaya cak. Da suka zuba ɗan ruwan da aka jiƙa ƙasar lambu a ciki, sai ya farfaɗo. Yashi dai ba ya suma, ke nan akwai mai rai a cikin bututun.

Kafin wannan gwaji, maganar Justus von Liebig ce ke da rinjaye. Wannan Bajamushen masanin sinadarai ya koya wa Turai tun 1840 cewa gishirin ma'adinai shuka take ci, ruɓa kuwa gamuwar sinadarai ce da iska, ba ruwan wata halitta. Bayan gwajin Faransa sai masana suka duƙufa neman ma'aikatan da ido ba ya gani. A 1888 Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya ware bakteriyar da ke zaune a ƙulle-ƙullen saiwar wake da danginsa, masu kamo naitirojin daga iska. A 1890 Sergei Winogradsky, ɗan Rasha da ke aiki a Zurich, ya gano ainihin waɗanda ke mayar da amoniya naitiret. Haka aka haifi sabuwar sana'a, ta masu nazarin ƙananan halittun ƙasa. Ba ta da martabar aikin Pasteur ko Koch masu farautar ƙwayoyin cuta. Kayan aikinta shebur ne da taki da ruɓaɓɓen ganye.

A Amurka, wurin da sana'ar ta fara kafa gindi shi ne tashar gwajin noma ta jihar New Jersey, wadda aka kafa a 1880 a garin New Brunswick, haɗe da Kwalejin Rutgers. A 1901 tashar ta buɗe sashen nazarin sinadarai da bakteriyar ƙasa, ta danƙa shi ga wani matashi, Jacob Lipman, Bayahude ɗan cirani daga daular Rasha. Manoman jihar kayan lambu da 'ya'yan itace suke nomawa don kasuwannin New York da Philadelphia, tambayoyinsu kuma na gona ne zalla: wane taki ne ya fi, me ya sa wata gona ke gajiya, yaya za a yi da ƙasa mai tsami.

Wurin wannan Lipman ɗin wani saurayi ya zo neman shawara. Sunansa Selman Waksman. An haife shi a 1888 a Nova Priluka, wani ɗan gari a yankin baƙar ƙasa mai albarka na Yukren. Ƙofar jami'a a Rasha ta wancan zamani a tsuke take ga Yahudawa, mahaifiyarsa kuma ta rasu, don haka a 1910 ya haye teku ya sauka gonar 'yan uwansa a Metuchen, kusa da New Brunswick. Karatun likita yake tunani. Lipman ya ce masa in dai ƙananan halittu yake son sani, kwalejin noma ta fi masa. Ya bi shawarar, ya kammala digirin farko a 1915.

Aikin da aka ba shi a shekararsa ta ƙarshe mai gundura ne. Wata-wata zai haƙa rami a gonar kwalejin, ya ɗebi ƙasa daga zurfi dabam-dabam, ya dama da ruwa, ya shafa a faifan gilashi mai ɗauke da daskararren abinci, ya jira 'yan kwanaki, ya ƙirga abin da ya tsiro. Bakteriya aka ce ya ƙirga. To amma a kowane faifai akwai wasu 'yan ɗigo-ɗigo da suka ƙi shiga lissafi: ƙanana ne, masu tauri kamar ƙirgi, sun kama abincin gam, samansu da gari-gari, wasu kuma suna rina kewayensu shuɗi ko ja ko ruwan ƙasa. A madubin ƙara girma zare-zare ne masu rassa irin na funfuna, alhali sirantakarsu ta bakteriya ce. Sunansu aktinomaisit. An san da su a littattafai, sai dai kusan ba wanda ya damu da abin da suke yi a gona. Waksman ya lura cewa faifan da suka cika yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Tare da Roland Curtis ya bayyana nau'o'insu da dama a 1916, cikinsu har da wani mai launin toka mai suna Actinomyces griseus. Suka rubuta siffarsa, suka ajiye, suka wuce.

Daga nan ya tafi Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya yi digirin digirgir a ilimin sinadaran jikin halittu, ya gama a 1918, ya komo Rutgers. Albashin bai isa ba, sai ya riƙa haɗawa da aiki a kamfanin Takamine, masu sarrafa sinadaran narkar da abinci daga funfuna. Wannan horon ne ya bambanta shi da magabatansa. Su ƙirga halittu suke yi, su raɗa musu suna. Shi kuwa so yake ya san me kowace ke ci, da wane sinadari take narkar da shi, me kuma take barin baya.

Nasararsa ta farko daga tarin taki ta fito. Lipman yana gwada cakuɗa ƙasa da farar wuta da garin dutsen fosfet, don ya ga ko dutsen zai narke shuka ta amfana. Yana narkewa kuwa, domin tarin yana yin tsami ƙwarai. Waksman da Jacob Joffe suka bi sawu har suka ware mai wannan aiki, suka sanar a 1922: wata bakteriya ce, Thiobacillus thiooxidans, mai cin farar wuta ta fitar da ruwan asid, tana kuma rayuwa lafiya lau cikin tsamin da zai kashe kusan kowace halitta.

Amma abin da ya cinye masa shekara 20 shi ne tambayar da ta fi kowace sauƙin yi: ganyen da ya faɗi, ina yake zuwa? Shi da ɗalibansa suka tsara hanyar rarraba jikin shuka kashi-kashi, sannan su binne kara da ganye da ciyawa, su riƙa tonowa suna aunawa. Suka ga ruɓa tana da jeri. Sukari da sauran abin da ruwa ke narkarwa su ne ke fara tafiya, cikin 'yan kwanaki. Sai selulos, zaren da ya fi yawa a jikin kowace shuka, wanda funfuna da bakteriya ke ɗaukar makonni ko watanni suna ci. Lignin, mai ba itace ƙarfinsa, shi ne mai taurin kai, yakan daɗe bayan saura sun ƙare. Ita kanta rundunar masu cin tana sauyawa: masu gaggawa su fara, in mai daɗin ya ƙare su ja baya, sai aktinomaisit masu jinkirin girma su karɓi ragowar.

Binciken ya kuma warware wani abu da manoma suka daɗe suna gani. Wanda ya binne busasshen kara ko ɓuntu ya yi shuka a kai nan da nan, yakan ga ganyen ya yi rawaya maimakon ya yi kore. Dalili shi ne kara yana da abincin ƙarfi da yawa amma naitirojin ɗinsa kaɗan ne. Halittun da ke cinsa suna buƙatar naitirojin don gina jikinsu, sai su wawushe na cikin ƙasa, su bar shuka da yunwa har sai sun mutu sun sake shi. Ganyen wake da kashin dabbobi kuwa suna da rarar da za su bayar tun farko. Wannan sani ya zo a kan gaɓa, domin mota tana korar doki daga biranen Amurka, kashin doki yana ƙaranci, masu noman naman kaza da suka dogara da shi suna neman madadi. Ɗakin Waksman ya yi nazarin takinsu, ya kuma bi diddigin halittun da ke jure zafin cikin juji, inda ɗumi kan haura digiri 60.

Ya zagaya Turai a 1924, ya gana da Winogradsky da Beijerinck. A 1927 ya fitar da Principles of Soil Microbiology, littafi mai shafi kusan 900 da ya zama madogarar fannin. A 1936 ya biyo da Humus, a kan baƙin ruɓin da ke saura a ƙasa bayan an gama ci, inda ya kafa hujja cewa haɗuwar ragowar lignin ne da furotin ɗin jikin halittun da suka mutu. Daga farkon shekarun 1930 yakan yi bazara a cibiyar nazarin teku ta Woods Hole yana bin yadda abubuwa ke ruɓewa a ruwan gishiri. Ya kai shekara 50 a duniya, sunansa sananne ne ga masana taki, baƙo ne ga likitoci.

Juyin ya zo ta hannun ɗalibi. René Dubos, Bafaranshe da suka shigo jirgin ruwa ɗaya da Waksman a 1924, ya yi digirinsa a Rutgers a kan bakteriya masu cin selulos, ya gama a 1927. Daga nan ya koma Cibiyar Rockefeller da ke New York wurin Oswald Avery, wanda ya daɗe yana fama da ƙwayar cutar namoniya. Ƙwayar tana lulluɓe da wani kwanso na sukari da ke kāre ta daga garkuwar jiki, Avery kuma ya rasa abin da zai narkar da kwanson ba tare da ya cutar da majiyyaci ba. Dubos ya kawo tunanin ɗan gona: duk abin da mai rai ya ƙera, akwai mai cinsa a ƙasa, in ba haka ba da ya taru ya cika duniya. Ya ɗebo ƙasa daga wata fadama a New Jersey, ya hana halittun ciki kowane abinci sai wannan sukari, har wata ta bayyana mai iya narkar da shi. Sinadarinta ya ceci ɓerayen da aka sa wa cutar. A 1939 ya ƙara taku: ya ciyar da ƙasa da ƙwayoyin cuta masu rai, ya samo Bacillus brevis, wadda ke fitar da sinadarin da aka sarrafa ya zama giramisidin. Yana da dafi in an yi allurarsa, amma yana warkar da rauni in an shafa.

Waksman ya sha ganin wani fili fayau a faifai, kewaye da ɗigon aktinomaisit, inda babu abin da ke tsirowa. A 1932 ma ƙungiyar yaƙi da tarin fuka ta Amurka ta ba shi kuɗi a binciki abin da ke faruwa da ƙwayar cutar in ta shiga ƙasa, aka ga takan ɓace, maganar ta tsaya nan. A wurinsa duk wannan gasar neman abinci ce tsakanin mazauna ƙasa. Sakamakon Dubos ne ya sa ya dube shi da idon mai neman magani. A 1939 ya juya akalar ɗakin gaba ɗaya, ya kuma ƙulla yarjejeniya da kamfanin Merck da ke Rahway, nan kusa, su ba da kuɗi da masana sinadarai.

Hanyar mai sauƙi ce, sai dai tana cin haƙuri. A ja layin aktinomaisit a tsakiyar faifai, a bar shi ya girma, sannan a ja layukan ƙwayoyin cuta su gitta zuwa gare shi. Wadda ta kasa matsowa, akwai abin da ke korar ta. A 1940 Waksman da ɗalibinsa Boyd Woodruff suka samu aktinomaisin, mai kashe ƙwayoyin cuta da dabbar gwajin baki ɗaya. A 1942 suka samu istireftotirisin, wanda da farko ya yi kamar shi ke nan, sai bayan kwanaki ƙodar dabbobin ta lalace. Ta leƙo ta koma har sau biyu.

A tsakiyar 1943 Albert Schatz, ɗalibi ɗan shekara 23 da aka sallamo daga soja saboda rashin lafiya, ya dawo ɗakin. Ya nemi a bar shi ya gwada abin da ya samu a kan ƙwayar tarin fuka, wadda fenisilin ba ya taɓawa. Saboda haɗarin kamuwa, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ginin ya yi aikin, dare da rana. A 19 ga Oktoba, 1943, haƙa ta cim ma ruwa. Iri biyu na aktinomaisit ne suka ba da wani sabon sinadari, ɗaya daga ƙasar gonar da ta sha taki, ɗaya daga faifan da abokiyar karatunsa Doris Jones ta shafa daga maƙogwaron kaza. Duka biyun kuma jinsin nan ne mai launin toka da aka rubuta tun 1916, wanda daga baya Waksman da Arthur Henrici suka sauya wa suna zuwa Streptomyces griseus. Rahoton wannan sinadari, istireftomaisin, ya fito a Janairun 1944 da sunayen Schatz da Elizabeth Bugie da Waksman.

A asibitin Mayo da ke Minnesota, William Feldman da Corwin Hinshaw suka gwada shi a kan ɓerayen masar, sannan a ƙarshen 1944 a kan wata budurwa da cutar ta ci huhunta, ta kuwa tashi. Merck ya yarda ya saki haƙƙin mallakar da yarjejeniya ta ba shi, don kamfanoni da yawa su sarrafa maganin. Birtaniya, da ba ta da dalar sayen mai yawa bayan yaƙi, ta mayar da ƙarancin abin amfani: aka raba majiyyata 107 gida biyu ta hanyar ƙuri'a bisa tsarin Austin Bradford Hill. Cikin wata 6, mutum 4 suka rasu daga 55 da aka yi wa allura, 14 kuma daga 52 da aka bari da hutun gado kawai. Rahoton na 1948 ya zama abin koyi ga yadda ake gwada magani har yau. Shi ne kuma ya tona aibin: ƙwayar tana saurin sabawa da maganin, allurar kuma tana iya taɓa ji da daidaiton tafiya. Sai da aka haɗa shi da maganin PAS na Jörgen Lehmann mai aiki a Suwidin, sannan da isoniyazid daga 1952, kafin tarin fuka ya zama cutar da ake warkewa daga ita a kai a kai.

Da kuɗi suka shigo, zumunci ya fita. Schatz ya sa hannu ya miƙa haƙƙinsa ga gidauniyar Rutgers da zaton ba wanda zai ci riba, daga baya ya gano malaminsa yana karɓar kaso. A 1950 ya kai ƙara. Aka sasanta a Disambar shekarar: aka amince shi abokin ganowa ne, aka ba shi kashi 3 cikin 100 na kuɗin, Waksman kashi 10, aka raba kashi 7 ga sauran ma'aikatan ɗakin. Bugie, wadda sunanta ke kan rahoton, ba ya kan takardar mallakar. A 1952 kyautar Nobel ta je ga Waksman shi kaɗai. Masu goyon bayansa suna cewa shi ya gina fannin da hanyar, wanda duk ya zauna a kujerar zai iya dacewa. Masu goyon bayan Schatz suna cewa shi ya zaɓi tarin fuka, shi ya shaƙi haɗarin. Ƙarar ta rufe wa Schatz ƙofofin manyan jami'o'i, sai a 1994 Rutgers ta ba shi lambar yabonta mafi girma.

Da kuɗin maganin aka gina Cibiyar Nazarin Ƙananan Halittu ta Rutgers, aka buɗe ta a 1954. Ɗakin ya ƙara fitar da niyomaisin a 1949 ta hannun Hubert Lechevalier, shi kuma aktinomaisin da aka yar saboda dafi ya samu aiki wajen maganin dajin ƙodar yara. A nan ne kuma Nancy Gerber da Lechevalier suka ware jiyosmin a 1965, sinadarin da ke ba ƙasa ƙamshinta. Waksman ya rasu a 1973, aka binne shi a Woods Hole.

Hanyar faifai da layi ta bazu duniya. Kamfanoni suka riƙa roƙon matafiya da 'yan mishan su aiko da ƙullin ƙasa daga duk inda suka taka. Daga ƙasar Benezuwela aka samu kuloramfenikol a 1947, daga wata gonar gwaji a Missouri aka samu na farko a dangin tetarasaikilin, daga Filifin eritiromaisin, daga kudancin Faransa rifamaisin, uwar rifamfisin da ke cikin ƙwayoyin da ake ba masu tarin fuka kyauta a asibitocin Najeriya da Nijar. A shekarun 1970 Satoshi Omura ya ɗebo ƙasa kusa da wani filin wasan golf a Japan, William Campbell na Merck ya gano abin da ke cikinta yana kashe tsutsotsi, aka sarrafa wannan sinadari, abamektin, ya zama ibamektin. Tun 1987 kamfanin ke bayar da shi kyauta da sunan Mectizan, shi ne kuma ake rabawa gida-gida a ƙauyukan bakin kogi don hana makanta. Ita allurar istireftomaisin ta daɗe a tsarin masu maimaita maganin tarin fuka, wata biyu ana yi kullum, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye wannan tsari a 2017.

Tambayar da aka fara da ita kuwa, ta ganye da kara, ta koma baya lokacin da hankali ya karkata ga magani, sai damuwar sauyin yanayi ta sake tono ta, domin kabon ɗin da ke ajiye a ƙasa ya fi na sararin sama yawa. A 2015 Johannes Lehmann da Markus Kleber suka wallafa a mujallar Nature cewa baƙin ruɓin da aka daɗe ana ɗauka wani sinadari ne na musamman mai wuyar ci, galibi gutsattsarin shuka ne da gawarwakin ƙananan halittu da yumɓu ya riƙe ya ɓoye wa masu ci. A wannan shekarar dai masana a Jami'ar Northeastern da ke Boston, waɗanda suka san mafi yawan bakteriyar ƙasa ba sa tsirowa a faifan gilashi, suka rena su a cikin wata 'yar na'ura da aka binne a ƙasar da suka fito. Daga wani fili mai ciyawa a jihar Maine suka samu sabon sinadari, teksobaktin, wanda ya kashe ƙwayar tarin fuka a gwajin ɗaki.